Kerala: Bakin Teku ko Ruwan Ciki, Ina Ya Kamata Ka Zuba Kwanakinka?

Duk wanda ya taɓa zama a Jidda ko Dubai, ko ya yi 'yan makonni a Makka lokacin aikin Hajji, da wuya a ce bai sha shayi a hannun mutumin Kerala ba, ko da bai san daga inda ya fito ba. Su ne Larabawa ke kira Malabari, masu ƙananan gidajen abinci da kantunan kayan masarufi. Jiharsu tana kudu maso yammacin Indiya, siririya kamar ɗamara, duwatsu a gabas, Tekun Larabawa a yamma, gaɓarta ta kusa kilomita 600. Yarensu Malayalam, ba Indiyancin da muka saba ji a fim ba, don haka 'yan kalmomin da ka tsinta a gidan kallo ba za su saya maka ko ayaba ba. Turanci kuwa ana ji sosai, domin Kerala tana cikin jihohin da ke kan gaba a Indiya wajen yawan masu karatu da rubutu.

Mai zuwa Kerala don hutu, ko wanda ya raka mara lafiya asibiti a Kochi, babban birnin kasuwancin jihar, aka ce su jira mako guda kafin a sake ganin likita, ko ɗalibin da ya samu hutun zango, tambaya ɗaya yake cin karo da ita: ruwa iri biyu ne a jihar, wanne zai nufa? Akwai teku, da yashinsa da raƙuman ruwansa. Akwai kuma abin da zan kira ruwan ciki, wato tafkuna da ƙoramu da magudanan da ke kwance a bayan gaɓa, inda kogunan da suka gangaro daga duwatsu ke tsayawa su huta kafin su faɗa teku. Wanda ya san ruwan da ke tsakanin Legas da Badagry ya fahimci abin da nake nufi. A Kerala hanyoyin wannan ruwa sun kai kimanin kilomita 900, sarƙe da juna, kuma mutane a kansu suke rayuwa: yara su tafi makaranta a kwalekwale, mai kifi ya zo ƙofar gida yana kiran masu saye daga cikin jirgi.

Ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ka da nisa: mutumin da ya tashi a tudu, wanda bai iya iyo ba, kuma yana tafe da iyali, ya ba ruwan ciki kaso mafi tsoka na kwanakinsa, ya bar wa teku kwana ɗaya ko biyu. Sai dai a cikin ruwan cikin ma akwai zaɓi, kuma wanda aka fi tallatawa ba shi ne ya fi ba.

Alappuzha da jirgin kwana

Alappuzha, wanda har yanzu direbobi ke kira da tsohon sunansa Alleppey, shi ne babbar tashar wannan harka. Daga Kochi tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Garin kansa an gina shi ne don kasuwanci a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Raja Kesavadas yake wazirin masarautar Travancore, aka haƙa magudanan ruwa har cikin gari don jiragen kaya su riƙa kawo masoro da kwakwa bakin teku. Daga baya ya zama cibiyar igiya da tabarmar zaren ɓawon kwakwa, sana'ar da har yau ake yi a bayan gidaje.

Jirgin da kake gani a kowane hoton Kerala, mai rumfar saƙa kamar an kife babban kwando, sunansa kettuvallam, ma'anarsa jirgin da aka ɗaure. Da can katako ake jerawa a ɗinke shi da igiyar kwakwa, ba a buga ƙusa, a shafe da baƙin mai, a loda masa shinkafa da kayan yaji zuwa Kochi. Da manyan motoci suka kashe wannan sana'a sai aka mayar da jiragen masaukin baƙi: ɗaki ɗaya ko biyu ko fiye, banɗaki, wurin zama a gaba, kicin a baya, ma'aikata uku galibi, da matuƙi da mai kula da inji da kuku.

Ga yadda kwana ɗaya yake. Ka shiga wajen ƙarfe 12 na rana, a ba ka abincin rana jirgi na tafiya, a zaga da kai tafkin Vembanad da manyan hanyoyin ruwa. Wajen biyar da rabi na yamma dole jirgi ya ɗaure, domin dare na masunta ne, su ke shimfiɗa tarunsu, kuma ba a yarda manyan jirage su bi ta kai ba. Washegari a ɗan zaga bayan karin kumallo, ƙarfe tara an sauke ka. In ka lissafa, cikin awa 21 da ka biya, tafiyar ba ta wuce awa shida ba. Sauran duk a ɗaure kake. Inda aka ɗaure ka kuwa shi ne komai. Ni dai daren da na yi, an jera mu ne gefe da gefe da wasu jirage kusan goma, na kusa da mu samari ne da suka zo shagali, kiɗa har tsakar dare, ga ƙarar janareta, ga sauro da ya zo gaisuwa tun kafin a kira magariba. Na'urar sanyaya ɗaki ma a jiragen matsakaicin farashi sai wajen tara na dare ake kunnawa, a kashe da asuba. Ba a ɓoye mini wannan ba, ni ne ban tambaya ba.

Duk da haka ba zan ce kada ka hau ba. Fitowar rana a kan Vembanad, hazo na tashi, agwagi ɗaruruwa suna bin mai kiwonsu a cikin ɗan kwalekwale, abu ne da ba a mantawa. Kwana ɗaya ya isa, biyu ɓarnar kuɗi ne. Kuma kada ka biya ta intanet a kan hoto. Ka je bakin tashar da safe, ka shiga jirgin da ƙafarka, ka buɗe famfo, ka duba gidan sauro da rigunan hana nutsewa, ka tambayi inda za a kwana. 'Yan kamasho za su yi maka caa tun daga tashar jirgin ƙasa, kamar kana shiga tashar mota a Kano. Ka gaishe su ka wuce. In ba lokacin cunkoson ƙarshen shekara ba, jirage sun fi fasinja yawa, ciniki yana hannunka.

Maganar rigar ruwa ba wasa ba ce. A watan Mayun 2023 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a Tanur, a gundumar Malappuram, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara. Mu da muke jin irin wannan labari kusan kowace damina a kogin Kwara ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abin da ba a cika tallatawa ba

Babban aibin jirgin kwana girmansa ne. Ba ya shiga ƙananan lunguna, kuma a lungunan rayuwa take. Don haka ga hanyoyi uku da suka fi shi nuna maka ƙasar, a kuɗin da bai kai rubu'insa ba.

Na farko jirgin fito na gwamnati. Hukumar sufurin ruwa ta jihar tana da jirage masu zirga-zirga tsakanin ƙauyuka, kamar motar haya. Wanda ke tashi daga Alappuzha zuwa Kottayam yana ɗaukar kusan awa biyu da rabi, yana tsayawa a ƙananan tasoshi yana kwasar 'yan makaranta da mata masu kwanduna, kuɗinsa kuwa bai kai na kofin shayi a babban otal ba. Hanyar da masu jirgin kwana ke biyan rupi dubbai su bi, kusan ita kake bi. Benci ne mai tauri, inji yana ƙara, amma da mutanen gari kake zaune.

Na biyu shikara, ƙaramin jirgi mai rumfa da kujeru, ana ɗaukarsa a kan awa. Ya dace da dattijo ko mai jinya da ba zai iya tsugunne a kwalekwale ba. Awa uku da sassafe ko bayan la'asar sun wadatar.

Na uku kwalekwalen da ake turawa da gora. Shi ne ke kutsawa inda rassan kwakwa suka haɗe a sama, har sai ka sunkuyar da kai a ƙarƙashin ƙananan gadoji. A nan za ka ga mace tana wanki a matakalar ƙofar gidanta, mai hawan kwakwa yana ɗiban bammi, kainuwa ta rufe ruwa har sai an ture ta da gora.

A cikin waɗannan tafiye-tafiye ne za ka ga abin da ya fi ba ni mamaki a Kerala gaba ɗaya, wato Kuttanad. Kana zaune a jirgi, sai ka lura kana leƙen gonar shinkafa ne daga sama. Ruwan da kake kai ya fi gonar tudu. Manoman wannan yanki sun datse tafki da ganuwar laka, suka zuƙe ruwan da ke ciki, suka shuka shinkafa a ƙasar da ta yi ƙasa da matakin teku da mita ɗaya zuwa uku. Injinan ban ruwa a nan aikinsu fitar da ruwa ne, ba shigo da shi ba. A shekarun 1970 aka gina madatsar Thanneermukkom a tsakiyar Vembanad don hana ruwan gishiri shigowa gonaki da rani, abin da ya taimaki manoma amma masunta suka daɗe suna kuka da shi, domin ya canja yanayin kifi. A 2013 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan noma cikin jerin gadon noma na duniya. Manomin shinkafar Kura ko Argungu da zai ga wannan wuri, na tabbata sai an janye shi da ƙyar.

Kumarakom da tsibirin Munroe

Kumarakom yana ɗaya gefen tafkin Vembanad, kusa da Kottayam. Ruwa ɗaya ne da na Alappuzha, yanayi ne ya bambanta. A nan manyan otal-otal ne a bakin tafki, da lambuna da wuraren tausa, ga ɗan gandun tsuntsaye da ake shiga da sassafe. Wuri ne na ango da amarya, ko mai murmurewa daga tiyata wanda yake so ya zauna a inuwa ya kalli ruwa ba tare da hayaniya ba. Yana da tsada, kuma in ka fita daga otal babu gari sosai da za ka zaga. Wanda aljihunsa ke da nauyi kuma hutawa kawai yake nema, Kumarakom ya fi masa Alappuzha. Mai son ganin mutane zai gaji a kwana na biyu.

Munroe kuwa shi ne nawa. Tarin ƙananan tsibirai ne kusa da Kollam, inda kogin Kallada ke shiga tafkin Ashtamudi, an sa masa sunan Kanar John Munro, Baturen da ya riƙe mulkin Travancore a farkon ƙarni na 19. Babu manyan otal, gidajen mutane ne suke ware ɗaki biyu ko uku su sauke baƙi, matar gida ta dafa, maigida ko ɗansa ya tura ka a kwalekwale kafin fitowar rana. Hanyoyin ruwansa sun yi ƙanƙanta ga jirgin kwana, shi ya sa shiru bai ƙaura ba. Akwai ƙaramar tashar jirgin ƙasa a tsibirin, ko ka ɗauki mota daga Kollam. Abin tausayi, sassa na tsibirin suna nitsewa a hankali, ruwa yana shiga tsakar gida in teku ya cika, wasu iyalai sun riga sun tashi. Za ka ga gidajen da aka bari, ruwa ya kai musu dokin ƙofa. Rauninsa shi ne nisa da babban asibiti da ƙarancin zaɓin abinci: abin da aka dafa shi za ka ci. Ban ba mai jinya shawarar kwana a can ba.

To, teku fa?

Sunaye uku za ka fi ji: Kovalam, Varkala, Marari.

Kovalam shi ne tsoho a harkar, kimanin kilomita 16 daga babban birnin jihar, Thiruvananthapuram, wanda kowa ke taƙaitawa da Trivandrum don ceton harshensa. Gaɓa uku ce a jere, kowace ta lanƙwasa kamar jinjirin wata: ta Hasumiya, ta Hawa, da ta Samudra. Duwatsun da suka tare gefe suna rage ƙarfin ruwa, don haka in har za ka tsoma jiki a tekun Kerala, nan ne ya fi sauƙi, kuma akwai masu ceto da usur a baki. Yashin yana da duhu a wasu wurare, ba datti ba ne, ma'adinai ne a cikinsa. Ana hawa hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ratsin ja da fari, daga samanta kana hango masallatan masuntan Vizhinjam da sabuwar tashar manyan jiragen kaya da aka ƙaddamar a 2025. Fa'idarsa kusanci: filin jirgin sama da manyan asibitocin birni duk ƙasa da awa ɗaya. Aibinsa cunkoso, da masu talla da ba sa gajiya, da gine-ginen da suka matse gaɓar har ba ta numfashi.

Varkala ya fi shi kyau, ba gardama. Tudu ne na jar marmara ya tsaya cak a kan teku, kwakwa a samansa, yashi a ƙasansa. A kan tudun akwai siririyar hanya da gidajen shayi da shaguna a jere, kowa ya fuskanci yamma yana jiran faɗuwar rana. Gaɓar da ke ƙasa sunanta Papanasam, wato mai wanke zunubi a aƙidar Hindu, kuma a ƙarshenta na kudu iyalai ke zuwa da limamansu su yi wa mamatansu addu'o'i. A can sama akwai tsohon wurin bautar Janardhana Swamy, da kuma Sivagiri, inda aka binne Sree Narayana Guru, mai gyaran al'umma da ya yi yaƙi da wariyar asali, ya rasu a 1928. Sai dai abu biyu. Sauka zuwa ruwa matakala ce mai tsayi da tsini, wadda mai ciwon gwiwa ko mai goyo zai tsine mata. Sannan Varkala matattarar matasan Turawa ce da 'yan bokon manyan biranen Indiya, da irin shigarsu ta wanka da abin shansu. Saurayi ko ɗalibi zai ji daɗin wurin, akwai masauki mai araha, ana koyar da hawan igiyar ruwa. Magidanci da matarsa da 'yan mata uku zai wuni yana kawar da kai. In har ka je da iyali, ka sauka arewa kaɗan, wajen Odayam ko Edava, ƙauyukan masunta ne da masallatai a bakin ruwa, ka ƙarasa Kappil inda titi ya ratsa tsakanin teku a hannu ɗaya da tafki a ɗaya hannun.

Marari shi ne amsar mai iyali, kuma dalilin yana cikin taswira. Ƙauyen masunta ne, Mararikulam, bai kai tafiyar rabin awa daga Alappuzha ba a keke mai ƙafa uku, irin a-daidaita-sahun Kano, waɗanda dama daga Indiya ake kawo su. Wato kana iya sauka a wuri ɗaya ka samu ruwan biyu: da safe kwalekwale a lungunan Kuttanad, da yamma ka zauna a yashi. Gaɓar miƙaƙƙiya ce, fari-fari, kwakwa har bakin ruwa, jiragen masunta a jere. Babu kiɗa, babu kasuwar dare. Ka fito bayan asuba ka ga ana jan taru, ana cinikin kifi tun yana motsi. Amma tekun nan ba shi da shinge, ƙasa tana zurmawa da wuri, ruwa yana ja. Na kallo ne.

Wannan gargaɗi ya shafi dukkan gaɓar. Igiyar ruwa ba ta bugun mutum ta kayar kawai, komawarta ce ke kwashe ƙafa, tana zare yashin da kake tsaye a kai. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a dam ɗin Tiga bai iya teku ba. In ka ga jar tuta, ko idon sawu kada ka tsoma. A ruwan ciki ma ban ba da shawarar wanka ba: ruwa ne da ake wanki da wanke-wanke a ciki, kuma a 'yan shekarun nan hukumomin lafiyar jihar suna ta gargaɗi kan wata ƙwayar cuta da ke shiga ta hanci a ruwa mai ɗumi marar gudu ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Sallah da abinci

A nan Kerala ta fi yawancin Indiya sauƙi ga Musulmi. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun ɗan haura kashi 26 cikin ɗari na jama'ar jihar, Kiristoci kimanin kashi 18. Da wuya ka yi tafiyar minti goma a bakin gaɓa ba ka ga masallaci ba. Mafi yawansu Shafi'awa ne, don haka za ka ji an bayyana bisimilla a sallah. Abin da zai ɗan rikita ka alƙibla ce: mu gabas muka sani, a can yamma ake fuskanta da ɗan karkata arewa, wato kusan inda rana ke faɗuwa a teku. A jirgin kwana ka jira ya ɗaure ko ka roƙi matuƙi ya tsaya, in ba haka ba kana raka'a ta biyu jirgi ya sha kwana.

Naman shanu, wanda a jihohi da dama na Indiya ba a ko ambata, a Kerala abincin titi ne, soyayye da kwakwa da masoro, a ci da burodin da suke kira porotta. Appam ɗan'uwan sinasir ne, da shinkafa da madarar kwakwa. Puttu kamar dambun shinkafa ne da aka turara a cikin gora. Rogo da miyar kifi mai tsami da yaji shi ne abincin talaka, kuma ya fi na otal daɗi. Kifin da ake alfahari da shi karimeen ne, a shafe shi da yaji a naɗe a ganyen ayaba a gasa. Abu biyu za ka tambaya. Yankin Kottayam da Kuttanad Kiristoci suna da yawa, ana dafa alade da agwagwa, don haka a jirgi ko a gidan saukar baƙi ka ce kifi da kayan lambu kawai, ko ka sayo kazarka daga mahaucin Musulmi a cikin Alappuzha. Sannan akwai nau'in appam da a gargajiyance ake kumbura shi da bammi. Yawanci yanzu yis ake sawa, amma tambaya ba ta da tsada.

Arewa, in kana da kwanaki

Kusan duk 'yan yawon buɗe ido kudu suke yi daga Kochi. Arewa, wato Malabar ta ainihi, ba ta da manyan otal kamar kudu, amma ga mai son tarihi ta fi. Tafiyar awa ɗaya daga Kochi akwai Kodungallur da masallacin Cheraman, wanda mutanen wurin ke riƙe da cewa an gina shi a 629, tun Annabi (SAW) yana raye, shi ya sa ake kiransa masallacin farko a Indiya. Gaba akwai Kozhikode, Kalikut ta littattafan tarihi, inda Ibn Battuta ya sauka a shekarun 1340, shi wannan da daga baya ya zo Mali ya ratsa ta Takedda da ke ƙasar Nijar ta yanzu. A unguwar Kuttichira masallacin Mishkal yana nan, benen katako ba hasumiya ba ƙubba, da tabon wutar da Turawan Fotugal suka sa masa a 1510. A Kappad, arewa da garin, Vasco da Gama ya sauka a 1498. Bakin tekun Kozhikode da yamma na iyalai ne, mata da hijabi, yara da askirim, ba wanda zai kalle ka sau biyu. Ga biriyanin Malabar, ga alewarsu mai sulɓi, ga baƙin shayi da lemun tsami da suke kira sulaimani.

Ruwan ciki ma akwai a can, Valiyaparamba a gundumar Kasaragod, da jiragen kwana 'yan kaɗan, ba layi ba hayaniya. Kusa da Kannur akwai Muzhappilangad, gaɓar da yashinta ya yi tauri har ana tuƙa mota a kai na kusan kilomita huɗu. Matsalar ita ce nisa: daga Kochi zuwa Kasaragod wuni ne a jirgin ƙasa. Amma Kozhikode da Kannur duk suna da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, kuma saboda yawan 'yan Kerala a ƙasashen Larabawa, jirage daga can ba sa yankewa. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ta Doha ko Dubai yana iya shiga ta Kochi ya fita ta Kozhikode. Kada dai a manta katin rigakafin shawara, ba a shiga Indiya daga ƙasashenmu sai da shi.

Yaushe?

Damina tana sauka wajen 1 ga Yuni, ta yi ƙarfi har Satumba, sannan wani zubin ya biyo baya a Oktoba da Nuwamba. A wannan lokaci teku a fusace yake, a Varkala yashin ma kan ɓace ƙarƙashin ruwa, shaguna da yawa su rufe. Ruwan ciki kuwa yana nan, kore shar, farashi a ƙasa, kuma lokacin ne ake tseren dogayen jiragen da kowanne ke ɗaukar matuƙa kusan ɗari. Mafi shahara shi ne na kofin Nehru a tafkin Punnamada, wanda ya samo asali a 1952, bisa al'ada a watan Agusta. Sai dai damina tana da haɗarinta: ambaliyar Agustan 2018 ta kashe mutum fiye da 400, ta shanye Kuttanad, har filin jirgin saman Kochi sai da aka rufe kusan mako biyu.

Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturunmu, shi ne mafi daɗi ga ruwan biyu. Makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara ne kawai farashi ke haukacewa, ka kauce musu in za ka iya. Maris zuwa Mayu zafi ne. Ma'aunin zafi ba ya kai na Sakkwato, amma gumi ba ya bushewa a jiki, rigar da ka shanya da dare da safe tana nan da laima. A wannan lokaci teku ya fi, saboda iska, jirgin kwana kuwa da rana tanda ne.

In mako guda gare ka kuma da iyali kake, ga yadda zan raba: kwana ɗaya a tsohon garin Kochi, ka ga manyan tarunan da ake cewa daga Sin aka kawo fasaharsu, ka hau sabbin jiragen fito masu lantarki da aka fara a 2023. Kwana uku a Marari ko gidan saukar baƙi a bakin ruwa kusa da Alappuzha, kana fita da kwalekwale da jirgin gwamnati. Dare ɗaya a jirgin kwana in yara sun matsa. Sauran kwana biyun a Kozhikode. Mai jinya ya zaɓi Kumarakom in asibitinsa a Kochi yake, Kovalam in a Trivandrum ne. Saurayi shi kaɗai da jaka a baya ya yi Munroe kwana biyu, ya hau jirgin ƙasa zuwa Varkala, tafiyar ba ta kai awa biyu ba.